Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Shirya Fina-finan Hausa Na Jos: Ku Yi Mana Fim Ɗin Kawun Da Ya Riƙe Amana

Zuwa ga marubuta labari, daraktoci da furodusoshi na garin Jos,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya sanyi? Allah ya ƙara rufa asiri.

Ni ba ɗan fim ba ne. Gyaran waya nake yi a wata 'yar rumfa da ke bakin titin Bauchi, amma ina cikin dubban mutanen da ke sa data duk mako don su kalli aikinku, kuma a ganina wannan ya ba ni damar in yi muku magana irin ta ɗan gida.

Tambayar yaro ce ta sa ni wannan rubutu. Akwai ɗan ƙanwata a hannuna, shekararsa tara. Auren iyayensa ya mutu, uwarsa ta sake aure a Bauchi, gidan da ta shiga kuma ba su shirya karɓar agola ba, sai na ce a bar min shi. Wani dare muna kallon ɗaya daga cikin fina-finan nan masu dogon zango a wayata, aka zo wurin da ƙanen mamaci ya kwashe takardun gida ya kori marayu ana ruwan sama. Yaron ya ɗago kai daga kafaɗata ya ce, "Kawu, me ya sa duk kawunnan cikin fim mugaye ne?" Na ce ai ba duka ba ne. Ya ce to in faɗa masa guda ɗaya na kirki. Na yi ta laluben ƙwaƙwalwata har barci ya ɗauke shi, ban tuno ko ɗaya da zan iya nuna masa ba. Watakila akwai, ban ce babu ba. Amma wanda ya cika mana ido shi ne mai cin gado, mai aurar da yarinya dole ga abokinsa attajiri, mai zuwa gidan boka don ya haukata ɗan wansa, da kuma matarsa mai ba maraya ƙanzo tana ba 'ya'yanta nama.

Na san irin waɗannan mutane suna nan a duniya. Duk wanda ya taɓa zama a harabar kotu ya ga shari'ar gado, kuma da babu masu yi, da Allah bai yi gargaɗi a aya ta 10 ta Suratun Nisa'i cewa masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa cikinsu ba. Ku ci gaba da tona musu asiri, aikinku ne. Abin da nake kuka da shi shi ne kun bar ɗaya ɓangaren babu mai ba da labarinsa, alhali shi ya fi yawa. Ku shiga Gangare, ku shiga Dilimi, Rikkos, Unguwar Rogo, ku ƙirga gida goma. Da wuya ku wuce uku ba ku tarar da yaron da ke kwana a ɗakin wanda ba shi ya haife shi ba. Ni ma ɗaya ne daga cikinsu.

Ran Juma'a 7 ga Satumba, 2001, ranar da rikicin Jos ya ɓarke, mahaifina ya fita, bai dawo ba. Ba sai na yi wa mutumin Jos bayanin wannan rana ba. Shekarata takwas. Da mahaifiyata ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, sai danginta suka mayar da ita ƙauye da ƙannena biyu mata. Ni kuma aka tsaya shawarar inda za a kai ni, don ina aji uku kuma makarantar ƙauyen ba ta da malamai. Ƙanenta ne ya ce a bar ni a wurinsa. Shekararsa ashirin da bakwai lokacin, bai yi aure ba, ɗaki ɗaya gare shi a gidan haya, sana'arsa gyaran rediyo. An yi masa dariya. Wata gwaggo ta ce wanda bai iya dafa wa kansa ruwan shayi ba, ina zai iya da ɗa?

Gaskiyarta, bai iya ba. Ranar farko da ya dafa mana taliya gishiri ya hana ta ciwuwa, muka tafi wurin mai shayi. Bai san yaro yana bukatar a tuna masa wanka ba, bai san takalmi yana matse ƙafa bayan wata shida ba. Ni kuma na daina magana. Makonni na yi, in an tambaye ni sai dai in gyaɗa kai. Kawu bai matsa min ba, watakila don shi ma ba mai yawan magana ba ne. Sai ya riƙa tafiya da ni shago bayan an tashi makaranta, ya zube min ƙananan kusoshi a kan tire ya ce in ware su, kowane iri a gwangwanin madararsa. In zai yi liƙi, ni nake riƙe masa tocila. Har yau in na ji ƙaurin dalma, wannan shagon nake tunawa. Wata ranar Laraba aka kawo wata tsohuwar rediyo mai rigar fata, wadda mai ita ya ce an kai ta wuri uku an kasa. Kawu ya yi kwana biyu a kanta. Da yamma ya sa batir, ya murɗa, sai ga ƙara, sai ga muryar mai karanta labarai na BBC. Ban san lokacin da na ce "Ta yi!" ba. Ya tsaya cak da sukundireba a hannunsa. Bai juyo ya kalle ni ba. Ya ce, "Ta yi, ɗan Yaya. Miƙo min murfin." Sai bayan na girma ya gaya min cewa da gangan ya ƙi juyowa, don kada in ga idonsa in koma shiru.

Ga wani abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai matata. Bayan rikicin nan na koma fitsarin kwance, abin da na bari tun ina ɗan shekara uku. Kun san sanyin Jos a Disamba, garin da ke kan tudu sama da mita 1,200, lokacin da ruwan randa yake yanka hannu kamar reza. Gidan haya ne mai ɗaki tara, banɗaki ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma yaran gidan ba su da rufin baki. Kawu yakan tashi kafin kiran assalatu. Ya kunna risho ya ɗora ruwa, ya tashe ni a hankali, ya ba ni ruwan ɗumi in wanke jikina, shi kuma ya ɗauki zanin da tabarmar ya fita da su cikin duhu ya wanke da ruwan sanyi, don kananzirin ba zai ishi duka biyun ba. Ba ya shanyawa a tsakar gida. Igiya ya ɗaura a cikin ɗaki, daga ƙusar taga zuwa ta ƙofa. Kafin mutanen gida su fito alwala, an gama komai, ya shafa min basilin a ƙafa, mun kama hanyar masallaci. Kusan shekara guda yana haka. Ko sau ɗaya bai ambaci abin da sunansa ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Tashi, ruwa ya yi." Hannunsa duk ya tsattsage da faso a wannan hunturun, yana liƙi yana cije leɓe.

Malamai, wannan ba fim ba ne? Ina ake bukatar gidan sama ko jerin motoci a nan? Ɗaki ɗaya ne, fitila ɗaya, mutum biyu.

Kada ku ɗauka waliyyi nake kwatanta muku. Kawu yana da zafin rai, kuma da kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002, wanda yake ba shi kayan gyara bashi ya rasa komai, aiki ya tsaya, zafin ran ya ƙaru. Wata rana na ɗauki naira ashirin a aljihun rigarsa na sayi ƙwallon roba. Ya dake ni da wayar rediyo, dukan da ya wuce laifin, har bayana ya tashi. Na kwanta na juya fuska bango ban ci abinci ba. Can dare ya yi, ya fita, ya dawo da tsire a ƙunshe cikin takarda, ya ajiye kusa da kaina. Ya daɗe zaune a bakin katifa. Sannan ya ce, "Abin da ka yi ba kyau. Amma ni ma na wuce gona da iri. Ka yafe min, kada Yaya ta ji ta ce na ci amanarta." Babban mutum, Bahaushe, yana neman gafarar yaro ɗan shekara tara. A fina-finanku na ga an durƙusa wa budurwa, na ga an durƙusa wa mai kuɗi, amma wannan ban gani ba, kuma a ganina iyaye da yawa suna bukatar su gani.

Na taɓa tambayarsa inda aka binne Baba. Da wani ne, da ya nuna min kowane tudun ƙasa ya ce ga shi nan, hankalina ya kwanta. Shi cewa ya yi, "Ban sani ba. An binne mutane da yawa tare a kwanakin nan, ana dokar hana fita. Na nema, ban samu ba." Amma duk da haka ran Juma'a ya goya ni a keke muka je maƙabarta, muka tsaya daga bakin, ya koya min sallamar da ake yi wa mutanen kabari, ya ce addu'a ba ta ɓatan hanya. A dawowa ya tsaya ya saya min rake.

Na kawo waɗannan ne don in nuna muku cewa al'adarmu ta tanadar wa marubuci abin da ba sai ya je aro ba. Ku dubi alkunyar ɗan fari. Uba Bahaushe na da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, uwa ma haka, wani lokaci ma da an yaye shi sai a miƙa wa dangi. To wa yake ɗaukar yaron a wuya ran hawan salla? Wa yake saya masa alewa, wa yake jin ƙorafinsa? Kawu ne, baffa ne, kaka ce. Soyayyar da kunya ta hana uba nunawa, ta hannunsu take bi ta isa ga yaro. Daga nan ne kuma wasan taubasantaka yake fitowa tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, da tsokana, da kuɗin shara a watan Cika-ciki. Duk wannan arziki yana kwance, ku kuma kuna ta juya labarin samari biyu da budurwa ɗaya.

Sannan ina roƙon marubutanku su bambance kawu da baffa. Na san a bakin 'yan Jos yanzu kusan kowa kawu ne, har makwabci, amma in labari ya shafi gado dole a tsaya a kan daidai. Baffa ɗan'uwan uba ne, kawu ɗan'uwan uwa. Idan mutum ya rasu ya bar ɗa namiji, 'yan'uwansa ba su da ko sisi a gadon, ɗan ya katange su, abin da ya rage musu amana ce kawai. Kawu kuwa tun asali ba shi da hanyar shiga dukiyar mijin 'yar'uwarsa. Bugu da ƙari, a mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyarwa ta wajibi tana tsakanin miji da mata, uba da 'ya'yansa, ɗa da iyayensa. Ba a ɗora wa mutum ciyar da ɗan 'yar'uwarsa dole ba. Ma'ana duk abin da Kawu ya yi min, babu alƙalin da zai tilasta masa, babu kuma gadon da yake hange. Da ya ce ba zai iya ba, ba wanda zai zarge shi. A nan ne ƙarfin labarin yake: mutumin da ƙofa take a buɗe gare shi kullum, amma bai fita ba. Har auren da yake nema ya lalace a kaina, don iyayen yarinyar sun ce 'yarsu ba za ta fara da rainon ƙaton ɗa ba. Sai bayan shekara uku ya auri wata, wadda nake kira Anti har yau, wadda kuma ita ce ta sayar da zobenta aka biya min kuɗin jarrabawar WAEC. Ita ma ku tuna da irinta, don matar kawu ta sha baƙin fenti a hannunku fiye da mijinta.

Ta fuskar addini ma ba ku da abin tsoro. Manzon Allah (SAW) maraya ne, kuma da kakansa Abdulmuɗɗalibi ya rasu yana ɗan shekara takwas, baffansa Abu Ɗalib ne ya riƙe shi, ya tafi da shi fatauci Sham, ya tsaya masa a gaban Ƙuraishawa. Shi kuma da ya girma, fari ya matsa wa Makka, ya ɗauko Aliyu ɗan Abu Ɗalib ya riƙe a gidansa. Ya ce baffan mutum tamkar mahaifinsa ne. Ya haɗa yatsunsa biyu ya ce shi da mai riƙon maraya kamar haka suke a Aljanna. Ba cewa nake ku cika fim da wa'azi ba, wa'azi yana da wurinsa da masu shi. Nufina, mutanen da kuke yi wa fim sun tashi da waɗannan labarai tun daga makarantar allo, zukatansu a shirye suke.

Na san amsar da za ku ba ni, don na yi hira da wani furodusa da ya kawo min gyaran waya. Ya ce kasuwa ce. Tun da CD ya mutu aka koma YouTube, yawan masu kallo ne ke kawo kuɗi, masu kallo kuma soyayya da rikici suke so, in babu waƙa babu kishiya babu mari, kashi na biyu ma ba za a buɗe ba. Ya ce kuma aiki da yara wahala ne, ba sa riƙe magana, suna gajiya, ga makaranta. Ban raina maganarsa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba kuɗina ne zai narke ba. Amma na gaya masa cewa kwanan baya wani abokina ya tura min wani fim na ƙasar waje, labarin wani mutum da aka bar wa ɗan 'yar'uwarsa na ɗan lokaci. Babu harbi, babu soyayya, tafiya ce kawai da hira da saɓani da shiryawa. Turancina bai kai in gane komai ba, amma na kalle shi har ƙarshe, kuma sai da na fita waje na share fuska. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, su da suke zaune kowa gidansa daban sun ga wannan zumunci ya isa a yi masa fim, mu da muke cikinsa tsundum ba mu gani ba.

Kuma in akwai garin da ya kamata ya fara, Jos ne. Nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa tun 1979. Nan makarantar koyon fim ta ƙasa take, nan kwalejin talabijin ta NTA take. Tun Janairun 2024 ɗan Kannywood ne, Ali Nuhu, ke shugabantar hukumar, shi ma kuma a Jami'ar Jos ya yi karatu. Kowace shekara ɗalibai suna yin gajerun fina-finai na kammala karatu, kuma akwai bikin fina-finai na Zuma a Abuja inda ake nuna irinsu. In furodusa yana tsoron zuba kuɗi a dogon zango, a fara da na minti ashirin. Wurin ɗauka kuwa Allah ya ba ku kyauta: hazon asuba a kan duwatsun Shere, tsofaffin ramukan kuza da suka zama tafkuna, hayaniyar 'yan gwari a Farin Gada, layin 'yan katako, tiririn tukunyar mai shayi da ƙarfe shida na safe.

In Allah ya sa wani cikinku ya ɗauka, ga roƙona. Ku bar yaron ya zama yaro. Na gaji da ganin ɗan shekara bakwai yana jero karin magana kamar tsohon alƙali. Yaro yana tambayar da ba ta da kai, yana fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, yana ƙarya, yana ɓoye takardar sakamako a ƙarƙashin katifa, yana barci a tsakiyar magana mai muhimmanci. Ku zauna da yara ku saurare su kafin ku rubuta musu. Ku bar su da Hausarsu ta Jos, kada ku ce sai sun yi ta birnin Kano. Kada kuma ku ƙare labarin da yaro ya zama gwamna ya dawo ya saya wa kawu jibgegiyar mota, kamar riƙon jari ne aka zuba ana jiran riba. Ni ban zama kowa ba. Sana'arsa na gada, rediyo ta koma waya, kuma abin da nake iya kai masa bai wuce mudun shinkafa da kuɗin magani ba. Wanda zai fito a yaron kuma ɗan wani ne: a yi ɗauka lokacin hutu, a bar babbansa ya zauna kusa, kada a tsayar da shi cikin sanyi har tsakar dare, a biya shi haƙƙinsa cikakke. Ba zai yi kyau a ci amanar yaro a wurin yin fim ɗin amana ba.

Akwai wani dattijo Birom da yake kawo wa Kawu gyara tun kafin rikici. Bayan abin da ya faru ya daina iya shigowa unguwarmu, mu ma ba ma shiga tasu. Sai suka koma haɗuwa a bakin babban titi, ya miƙo rediyo, Kawu ya karɓa, ni ina riƙe da keke. Duk zuwan da zai yi sai ya taho min da dankalin Turawa a leda, ya dafa kaina, ba ya cewa komai. Na daɗe ban san yadda zan ajiye wannan mutum a zuciyata ba, kusa da abin da aka yi wa mahaifina. Kawu bai taɓa yi min bayani ba, ya dai ci gaba da tafiya da ni. In za ku yi fim ɗin, ku ba wannan dattijo ko da fitowa ɗaya.

Kawu yana nan da ransa, ya haura hamsin, idonsa ya fara rauni saboda shekarun da ya yi yana duban ƙananan wayoyi, kuma ba mai kallon fim ba ne. Amma in kun yi wannan, zan ɗauki wayata in je in zauna kusa da shi a kan dakali, in sa ɗan ƙanwata a tsakiyarmu, mu kalla mu uku. Na karanta wa yaron wasiƙar nan kafin in tura. Ya ce in tambaye ku ko za ku gama kafin hutun Disamba.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan riƙo,
Gangare, Jos.